Ranar da Kulu ta Zauna Bisa Janareta

Abin da ya sa na rubuta wannan babi ɗan bidiyo ne da kai Mustafa ka aiko daga ƙasar sanyin da kake karatu. Kana tura wani inji mai aiki da lantarki, yana kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gidan da kake haya yana watsa ta gefe, kana ɗaga mana hannu. Uwarku ta kalli fuskarka, ta ce ka rame. Ni kuwa wayar lantarkin injin na kalla. Ta fito daga cikin gida ta bi ta gaban injin, kuma a tsakiya ka haɗa ta da wata, mahaɗin yana kwance inda ƙanƙarar ta fara narkewa. Da na je Sabon Birni na nuna wa ƙanwata, Gwaggonku Kulu. Ta sa tabarau, ta ce in maimaita mata.

"Ka ce mishi waya bayan mutum take bi, ba gaban inji ba. Ya hwara daga bakin ƙohwa shina nisa da gida. Mahaɗin ga kuma ya ɗauke shi daga ƙasa, ko ya nemo guda mai tsawo wadda anka yi don waje. In wani abu ya maƙale cikin injin, ya zare hilogi kahin ya sa hannu."

"Kulu, ke kin taɓa ganin dusar ƙanƙara?"

"Ni da na tsuhwa ina saida ƙanƙara? In ta narke ruwa ce, Yaya. Wuta ba ta tambayar ruwa ƙasarsu."

Na aika maka da saƙonta, ka amsa da wasa, ka ce ai Gwaggo Kulu ce, wadda tsoron waya ya sa ta kayar da rumbu. Ban ga laifinka ba. Lokacin da abin ya faru kai da 'yan'uwanka kuna makaranta a Sakkwato, abin da kuka tarar a bakin mutane shi kuka riƙe. Mutum biyu da nake jin nauyinsu a wannan magana sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Saura ni kaɗai za a ji wa kunya, don haka za ni faɗi abin yadda ya faru.

Shekarar ita ce ta biyu da barina aikin gidan rediyo na koma gidanmu na Isa. A cikinta ne 'yan'uwan Inna, mahaifiyarmu, na Gatawa suka zo mana, gida uku, bayan hare-haren da suka hana su kwana a garinsu. Suka zo da tabarmi da tukwane, ba su zo da hatsi ba. Gidan da ake girka wa tukunya ɗaya ya koma tukunya uku. Abincin kowa yana cikin rumbu guda, na ƙasa, wanda mahaifinmu ya gina a ƙuryar gida bisa duwatsu. Babban wanmu, Yaya Bawa, shi ke hawa ya fiddo dami kowace safiya, ba ya wakilta kowa. Da damina ta kama ya leƙa ciki ya ce idan ba a yi ɓarna ba geron zai kai mu sabo. Bai ce zai yi saura ba.

Ƙuryar da rumbun yake ita ce mafi kwari a gidan. A da wannan bai dami kowa ba, domin akwai rariya a gindin katanga, ruwa na taruwa ya fita. Amma da rani an zuba jar ƙasa a hanyar bayan gida aka ɗaga ta, har ta fi tsakar gidanmu tudu. Ni na fara lura da haka, kuma na yi abin da nake ganin dabara ce: na sayo famfon jan ruwa mai aiki da lantarki a Sakkwato, da tiyo mai tsawo da za a jefa bayan katanga. Na sauke shi a zaure maza suna yaba shi. Kulu ta tsuguna ta warware wayar da ke jikinsa, ta auna da hannu, ba ta fi gaba biyu ba.

"Yaya, ina doguwar wayar?"

"Za ni sayo in na koma."

"Ka sayo mai kauri, guda ɗaya, tun daga zaure har rumbu. Ba mai jone-jone ba."

Na koma Sakkwato sau biyu kafin ruwa ya sauka. Ban sayo ba.

Kulu ta dawo gida ne bayan rasuwar mijinta, wanda aikinsa sa wa gidaje wayar lantarki a Sabon Birni. Ba ta yi boko mai nisa ba, amma shekara ashirin tana riƙe masa tsani da fitila, kuma ba ta kallon abu sau biyu ba ta gane shi ba. Tana da firiza biyu a ɗakin kusa da zaure, da janareta nata na kanta don ranar da wutar gwamnati ta ɗauke, wato yawancin ranaku. Ƙanƙara take yi da zoɓo. Ɗakin nan nata ya fi ɗakunan watsa shirye-shirye da yawa da na yi aiki a ciki tsari. Babu waya ɗaya a ƙasa. Duk suna sama bisa ƙusoshi. Akwai tsumma busasshe a rataye a bakin ƙofa, ba ta taɓa makunni sai ta goge hannu. Ba ta shiga sai da takalmin roba. Idan inji ya yi awa guda yana aiki, sai ta ɗora bayan hannunta a kan waya ta ji ko ta ɗauki zafi. Ba ta yarda a kunna abu da waya tana naɗe, sai an warware ta duka. Matan gida suna mata dariya, suna cewa Kulu tana yi wa firiza alwala. Ita ma takan yi dariyar, ta ci gaba da goge hannunta.

Ruwan ya sauko bayan sallar asuba, cikin watan Agusta, bai tsagaita ba sai hantsi. Da muka fito, tsakar gida ta zama tafki. A bakin zaure ruwan ya kai idon sawu, a wajen rumbu ya kai gwiwa, ya rufe duwatsun ya fara lasar gindin ginin. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ginin ƙasa yake yi idan ya tsaya cikin ruwa: ba ya nuna komai, sai ya zauna gaba ɗaya. Kafin mu aika, maƙwabta sun fara shigowa gayya, kamar yadda muke yi wa juna. Kowa ya tuɓe takalmi a zaure, na farko don ruwa yana sace takalmi, na biyu don Inna tana zaune bisa turmi a bakin ɗakinta, kuma babu mai wuce ta da takalmi a unguwar nan. Cikin ɗan lokaci tsakar gida ta cika da mutane ƙafa ba takalmi, maza da bokitai, mata da ƙwarya da roba.

Yaya Bawa ya ce a fiddo famfo. Aka ɗora janaretan Kulu bisa dakalin ƙofar zaure, wurin da ya rage busasshe a gidan. Daga nan zuwa rumbu taku sittin ne ko fiye. Yaya ya dube ni ya ce ina waya. Na ce babu.

Ku san yadda gayya take. Ba a zuwa hannu wofi, kuma abin da mutum ya kawo ba a mayar masa. Da aka ji babu waya, sai mutane suka watse gidajensu. Mai cajin waya na bakin kasuwa ya kawo tasa. Tela ya kwance ta kekensa. Wani ya kawo ta fanka. Mafi tsawo ita ce wadda ladan, Malam Isiyaku, ya sauko da ita daga lasifikar masallaci, siririya, ya ɗauko ta a kafaɗa yana haki, dattijo mai shekara saba'in. Aka fere bakunansu da reza, aka murɗa su, aka naɗe kowane mahaɗi da baƙar leda aka ɗaure da zaren buhu. Jone huɗu. Aka shimfiɗa ta cikin ruwa daga zaure har rumbu. Ni na riƙe ledar ana ɗaurewa. Na san abin da masu kula da na'urori a wurin aikinmu za su ce da sun gani, amma ina kallon gindin rumbu, kuma ina tuna wanda bai sayo waya ba.

Da Yaya Bawa ya juya zai ja igiyar janareta, sai ya tarar da Kulu zaune a kansa. Ta gyara zaninta, ta harɗe hannuwa, kamar mai jiran mota.

"Ke Kulu, tashi bisa injin ga."

"Ba ni tashi, Yaya."

"Mi kika ce?"

"Na ce ba ni tashi. Wagga waya ba ta shiga ruwan da mutane ke ciki. Ka duba bayanka ka gani ko akwai mai takalmi."

"To kowa ya hita daga ruwan!"

"Ko sun hita, wani sai ya koma ya gyara tiyo, kuma kai ne za ka koma. Wayar ladan ma ba ta ɗaukar hwamhwo, murya anka yi ta ɗauka. Zahi za ta yi ta narke."

Malam Isiyaku ya sauke kai. Wani daga cikin maza ya ce wayar masallaci ce, shekara nawa tana kiran salla ba ta ci kowa ba. Kulu ta juya wajen ladan, ta sassauta murya.

"Baba Ladan, Allah ya saka da alheri, ka yi abin da maƙwabci ke yi. Amma albarkar wayar ga tana bisa, inda ka rataye ta. Nan ƙasa ruwa ne."

Wani ya ce a ɗauki janaretan a ɗora bisa amalanke a tura shi kusa da rumbu. Ta ce inji mai wuta a tsakiyar tafki ya fi wayar muni. Sai ta faɗi abin da za ta yarda da shi, a jere, kamar ta daɗe da shirya shi. Mai walda na bakin tasha yana da waya mai kauri guda ɗaya, a je a aro. A kafa gwafanni a rataye ta sama da ruwa tun daga zaure. Kowa ya fita kafin a kunna. Mutum ɗaya ya tsaya a bakin inji da busasshen hannu, idan za a taɓa famfo ko tiyo a kashe tukuna. Kafin wayar ta iso, a daina kwasar ruwa, a kwashe geron.

"Tasha ta yi nisa, hanya ta cika," in ji Yaya Bawa. "Kin san bakin mutum nawa ke cikin rumbun can?"

"Na sani. Ni ke auna musu tsaba."

"To in ya hwaɗi, ke kika kada shi."

"Na ɗauka."

Ya ɗaga hannu, ba don ya buge ta ba, don ya janye ta. Sai muka ji muryar Inna daga bakin ɗakinta.

"Bawa. Injin na wa ne?"

"Na Kulu ne, Inna."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Yaya ya sauke hannu, ya shiga ruwa ya nufi rumbu, bai ƙara kallon zaure ba. Aka tura ɗaya daga cikin mazan Gatawa tasha da ƙafa, don babur ba ya wucewa. Yaya ya hau tsani ya shiga rumbun da kansa, yana miƙo dami, mu muna karɓa. Mata suka yi layi daga rumbu har ɗakin Inna, dami yana bin hannu. Uwarku tana cikin layin. Kulu ba ta shiga ba. Ta san idan ta tashi wani zai ja igiya da kyakkyawar niyya. Ta zauna tana kallon kowa yana aiki ban da ita, matan da ke wucewa suna jefa mata magana. A ganina wannan zaman ya fi ɗaukar dami wuya.

Bakin rumbu ƙarami ne, dami ɗaya yake fitarwa a lokaci guda. Mun fitar da abin da bai kai rabi ba lokacin da wani ya ga tsaga ta hau daga gindi. Muka yi ta kiran Yaya, da ƙyar ya yarda ya fito. Yana sauka daga tsani, rumbun ya karkata kaɗan, ya zauna cikin ruwan ba tare da wata ƙara mai yawa ba. Bayan kamar rabin awa mai walda ya iso da wayarsa a ka. Aka yi duk yadda Kulu ta ce, aka kafa gwafanni, kowa ya fita, ita ta ja igiya da hannunta. Famfon ya yi aiki lafiya lau. Kafin la'asar tsakar gida ta tsane, ana ganin laka da zangarniya a cakuɗe.

Ba za ni rage muku nauyin abin da ya biyo baya ba, domin ita ma ba ta taɓa ragewa ba. Geron da muka tono daga laka muka shanya, amma ruwa ake yi kullum, wani ya yi tsiro, wani ya yi funfuna. Gidan ya koma girki sau ɗaya a rana har kaka. Gida biyu daga cikin baƙinmu na Gatawa suka ga ba za su zauna suna cin rabon yaranmu ba, suka tsallaka Nijar wajen wasu dangi. Inna ta raka su har bakin hanya tana kuka, kuma ba ta sake ganin ƙanwarta da ke cikinsu ba. Mutane suka ce da an kunna famfo tun farko da rumbu yana nan, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. Yaya Bawa ya daina amsa gaisuwar Kulu. Ladan ya daina shigowa gaida Inna. Da aka yi girbi, Kulu ta ɗora firizojinta a mota ta koma Sabon Birni, ta ce can kasuwar ƙanƙara ta fi.

Ga abin da ba ku sani ba. Washegarin ruwan, ni na ɗauki wayar gayya don in kwance in mayar wa kowa tasa da godiya. Na zauna a bayan ɗaki ni kaɗai. Leda ta farko da na kwance, ruwa ya zubo daga cikinta. Ta biyu haka. Ta uku ma haka, tagullar har ta fara kore. Da na bi wayar ladan da yatsa, na tarar da inda ɓera ya ci robar, wajen taƙi guda, ƙarfe tsirara. Na san daidai inda wannan wuri ya kwanta, don ni na shimfiɗa shi: a gefen turmin Inna, inda mata suka fi taruwa. Na yanke wurin na jefa a masai, na haɗe sauran, na kai wa Malam Isiyaku na ce mun gode. Na gaya wa kaina cewa ina rufa wa dattijo asiri ne. Akwai wannan. Amma akwai kuma cewa duk wanda ya buɗe maganar waya, zai ƙare a kan wanda ya je Sakkwato sau biyu. Ni da na yi shekaru ina karanta wa jama'a labari ba ragi ba ƙari, na riƙe wannan shekara biyu, ina ji ana kiran ƙanwata mai kada rumbu.

Na fara gaya wa Kulu ne, wata rana da na kai mata ziyara. Ina tsammanin za ta ce dama ta sani. Ta daɗe tana juya zoɓo a roba.

"Ni ban san ledar ta sha ruwa ba, Yaya. Ban san da ɓera ba. Mai yiwuwa da an kunna, ba abin da zai samu kowa."

"To mi ya sa kika zauna?"

"Don ban sani ba. Kai ka sani? Yaya Bawa ya sani? Gero in ya tahi ana shuka wani." Ta ɗago ta dube ni. "Amma ba ni za ka gaya ma ba. Ni na san inda na zauna."

Na dawo Isa na sami Yaya Bawa a gona, yana hutawa a gindin gawo. Na faɗa masa duka, har da masai. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya tambaye ni su wa ke tsaye wajen turmin. Na fara lissafa masa: matarsa, uwarku, 'yarsa mai ciki a lokacin, ƙanwar Inna, Inna kanta da ƙafafunta a ruwa. Ban gama ba ya ɗaga mini hannu. Ya ce kada ladan ya ji, tsoho ne, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Sannan ya ce gobe in zo da wuri, akwai inda za mu.

Muka shiga motar farko zuwa Sabon Birni. Kulu ta shimfiɗa mana tabarma, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, karo na farko cikin shekara biyu. Ta kawo zoɓo mai sanyi, ya sha, ya yaba. Ya yi maganar damina, ya yi maganar tsadar taki, ya yi maganar hanya. Na ɗauka za mu tashi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Yaya Bawa mutum ne da bai taɓa ba na ƙasa da shi haƙuri da baki ba, kuma ranar ma bai bayar ba. Sai da ya miƙe yana kaɗe riga ya ce, yana kallon bango:

"Wayoyin gidan can sun tsuhwa. Ina so ki zo ki duba muna su kahin ruwa ya sauka."

"Ai akwai masu aikin a Isa, Yaya."

"Akwai. Ke nike so."

Ta ci gaba da ɗaure bakin leda.

"Za ni zo. Amma in na ce a'a, a'a ce, ko gaban wa."

"To," in ji Yaya Bawa.